Ranar da Aka Kori Direba Saboda Kwamfuta

A gidan rediyon nan da ke saman bene, bisa shagon masu tayoyi, akwai wani mutum da kowa ke kira Na-sani. Ba a gida aka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Kana cewa, "Jiya da na je asibiti likita ya ce mini..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani." In ka ce to me likitan ya ce, sai ya ce ai ba a tona asirin mara lafiya a cikin mutane.

Aikinsa a takarda kula da janareta ne: ya zuba mai, ya tayar in wuta ta ɗauke, ya kashe in ta dawo. Ƙanwarsa Auta, wadda ita ce Manajar gidan, ita ta sama masa aikin, bayan mahaifiyarsu ta yi wata uku tana buga mata waya kullum da safe. Amma shi bai taɓa kallon kansa a matsayin mai janareta ba. Yana da baƙar jaka mai ɗauke da sukudireba biyu, da tocila, da tsohon buroshin haƙori, da wata takardar shaida a cikin leda wadda yake nunawa daga nesa ya mayar.

Mutum ɗaya ce ta tsaya masa a wuya: Malama mai gyara. Ita ke kula da kwamfutar situdiyo, wadda ke sako shirye-shiryen da aka naɗa da tallace-tallace. Ta manna takarda a jikin kwamfutar mai cewa KADA A TAƁA, kuma duk ma'aikata sun san mutum ɗaya aka rubuta wa. Yanzu Malama tana hutun haihuwa, kwanan nan ta yi arba'in. Ran Litinin, tun bakwai saura, Mai labarai ta shigo situdiyo da takardunta ta tarar da ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin tebur.

"Malam, lafiya?"

"Ina shigar da ku duniya ne," in ji ƙafafun.

Na-sani ya fito yana kaɗe gwiwa, ya nuna mata wata 'yar kyamara kamar ƙwai da ya sayo a kasuwa. Kwalinta ba suna, sai hoton wani mutum yana murmushi.

"Rediyo ba hoto ai aikin mutanen da ne. Daga yau duk wanda ke da waya zai gan mu muna aiki. Kafin wata ya ƙare, gidajen talabijin za su zo koyon sana'a a nan."

"Manaja ta sani?"

"Za ta sani in ta ga kanta a waya."

Ya zura faifan da ya zo da kyamarar, ya danna amincewa a kan duk abin da aka tambaye shi. Can wani akwati mai jan baki ya fito da dogon gargaɗi da Turanci. Ya karanta kalma biyu na farko, ya ga ba zagi ba ne, ya danna. Kyamara ta kunna 'yar koriyar fitila. Ya ɗora ta a saman allon kwamfuta, ya buɗe shafin gidan rediyon na intanet, ya sa hoto kai tsaye. Masu kallo biyu ne: shi, da wani mutum da ya shigo bisa kuskure ya fice.

Daga nan ya manta da shafin, domin kwamfuta ta fara gurnani kamar babbar mota a kan tudu. Shirin lafiya da aka naɗa yana tafiya, sai aka ji likita na cewa, "Ku yawaita shan ru-ru-ru-ru-ruwa, musamman ma-ma-ma-masu ciki."

Manaja ta hawo matakala bibbiyu, jakarta na lilo.

"Yaya, me ka taɓa?"

"A wurin aiki, Injiniya za ki ce."

"Yaya. Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba sai abin da ya dace a taɓa."

Idonta ya faɗa kan kyamarar. "Wannan ƙwan fa?"

"Wannan ci gaba ne, ba ruwansa. Kyamara ido ce, matsalar nan kuwa ta murya ce. Kin taɓa ganin ciwon ido ya sa mutum in'ina?"

Manaja ba ta taɓa gani ba. Ta dafe goshi ta tuna masa abin da Maigida, mai gidan rediyon, ya faɗa a watan jiya: in tashar ta sake yin shiru na minti ɗaya cur, zai nemi wani manaja. Maigida kuwa ba ya rabuwa da rediyo. Akwai a motarsa, akwai a falonsa, an ce har a banɗaki.

"Na sani," in ji Na-sani. "Zafi ne. Ki ba ni minti biyar."

Ya kwance murfin kwamfutar, ya goge cikinta da buroshin haƙori, ya jawo babbar fankar ofis ya saita ta a lamba uku. Daidai lokacin Mai labarai ta fara labaran ƙarfe takwas. Iska ta kwashi takardunta ta watsa. Da yake tsohuwar ma'aikaciya ce, ba ta tsaya ba, ta cafko wadda ta fi kusa ta ci gaba da muryarta ta kullum:

"Shugaban ƙungiyar malaman makaranta ya bayyana wa manema labarai cewa... an same shi ɗaure a gindin bishiya yana cin ciyawa, kuma duk wanda ya san nasa ne ya zo da shaida ya karɓa."

Aka kashe fanka. Gurnani bai ragu ba.

"Zafin ya shiga ciki sosai," in ji Na-sani. Ya sauka wajen mai lemo ya dawo da ƙanƙara ƙatuwa a cikin roba, ya ɗora a kan kujera kusa da kwamfutar. Robar tana da 'yar huda, sai ya sa bokiti a ƙasa. Makirfo na situdiyo kuwa ba ya raina ƙara. Cikin rabin awa mutum shida suka bugo waya suna jajanta yoyon rufi, wani kafinta ma ya bar lambarsa.

"Yaya," in ji Manaja, "Malama in abu ya faru akwai wani shafi da take buɗewa, mai lambobi."

"Na sani. Shi nake shirin buɗewa kika katse ni."

Ya taɓa leƙen Malama ta bayan kafaɗa, don haka bayan gwaji huɗu shafin ya buɗe. Jerin sunaye ne, kowanne da lambar da ke nuna yawan ƙarfin da yake ci daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A sama an rubuta kashi casa'in da takwas cikin ɗari, da ja.

Na-sani ya juyo da fara'a. "Kun gani? Casa'in da takwas. A makaranta wa ya taɓa cin haka a gidanmu?"

"Malama ta ce in ya wuce talatin a kira ta," in ji Mai labarai.

"Malama ba ta son ci gaban na ƙasa da ita."

Duk da haka ya lura akwai suna ɗaya a saman jerin da ya kwashe kusan duka lambar shi kaɗai. Ya danna masa umarnin rufewa. Bai rufu ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, har tebur ya motsa. Bai rufu ba.

"To," ya ce, "in babba ya ƙi fita, a kori 'yan rakiyarsa, zai ji kaɗaici."

Ya bi na ƙasa yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na biyar shi ne shirin da ke sako sauti. Gidan rediyo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigon ƙanƙara. Mai labarai ta ture shi da kujera ta sake buɗe shirin. Likita ya dawo yana in'ina, ba wanda ya taɓa jin daɗin in'ina kamar ranar.

Wayar Manaja ta yi ƙara. Maigida ne.

"Arba'in da ɗaya," ya ce.

"Ranka ya daɗe?"

"Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ina da agogo. Saura sha tara." Ya kashe.

Manaja ba ta ƙara neman shawarar kowa ba, ta kira Malama ta sa a lasifika. Layin ba kyau, ga jariri na tsala kuka a bayanta. Aka karanta mata sunan da ke saman jerin, harafi bayan harafi.

"Wannan ba ya rufuwa," in ji Malama, muryarta na yankewa. "Alama ce kawai... direba ne ke jawo shi... direban da aka sa kwanan nan... ku nemo shi ku cire..."

"Na sani," in ji Na-sani, ya miƙa yatsa ya kashe wayar. "Dama tun safe nake zarginsa, ban so in faɗa ba ne don yana da iyali."

Direban gidan rediyon sati uku ke nan da ɗaukarsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ruwansa da kowa. Aka same shi a ƙasa yana wanke tayar mota aka hawo da shi.

"Baba," in ji Na-sani, yana zagaye shi hannu a baya, "ka taɓa shiga ɗakin nan?"

"Sau ɗaya. Na kawo wa baiwar Allah nan tabaranta da ta manta a mota."

"Ka kalli kwamfutar?"

"To ai tana gabana."

"Kun ji ko? Ya kalle ta."

"Yaya," in ji Manaja, "anya wannan direban take nufi?"

"Direba nawa gare ku? Wa aka sa kwanan nan? Ke ma da kunnenki kika ji. Ba ni na faɗa ba, Malamarku ce."

Manaja ta dubi lambar, ta dubi agogo, ta tuna daƙiƙa sha tara. Ta ce da Direba a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, ka ɗan ba ni makullin, ka jira a ƙasa. Gwaji ne."

Direba ya ajiye makulli a tebur. "Shekara talatin ina tuƙi," ya ce, "an taɓa cewa na kashe kaza, an taɓa cewa na kashe injin. Yau ne na fara kashe abin da ban san inda ake kunna shi ba." Ya sauka ya zauna a benci a bakin ƙofa.

Kowa ya zuba wa lambar ido. Casa'in da takwas.

"Bai yi nisa ba," in ji Na-sani. Ya buɗe taga ya leƙa. "Baba! Ƙara matsawa!"

Direba ya tashi ya koma gaban shagon tayoyi.

"Ƙara!"

Ya tsallaka titi ya zauna wajen mai shayi. Masu tayoyi suka bar aiki suka fito kallo. Lambar ta girgiza ta koma casa'in da bakwai.

"Alhamdu lillahi," in ji Na-sani. "In da hali a sa shi a mota a kai shi bayan gari, kafin azahar mun sauko hamsin."

"Wa zai tuƙa motar?" in ji Mai labarai.

Sai lambar ta koma casa'in da takwas, wayar Manaja kuma ta yi ƙara. Malama ce, ta fito tsakar gida inda layi ya fi kyau.

"Kun cire direban?"

"Mun cire," in ji Manaja. "Yana wajen mai shayi."

Shirun da Malama ta yi, da a rediyo ne da Manaja ta rasa aikinta. Da ta dawo, sai ta yi magana sannu-sannu kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya. Ta ce direba a kwamfuta ɗan ƙaramin shiri ne da ke sa ta fahimci duk na'urar da aka jona mata, ko firinta, ko maus, ko makirfo. In ɗaya ya zo da matsala, sai ya riƙa tsikarar ƙwaƙwalwar kwamfutar ba hutu, har ta kasa yin aikin gabanta.

"Na sani," in ji Na-sani. "Ai direba iri biyu ne. Na fara da na waje ne don a rage yawan waɗanda ake zargi."

"Akwai abin da aka jona mata bayan tafiyata?"

Manaja ta buɗe baki, Na-sani ya riga ta. "Babu abin da ya shafi murya."

"To ku buɗe jerin na'urori, ku riƙa tsayar da su ɗaya-ɗaya kuna duba lambar. Wanda kuka tsayar ta sauka, shi ne. Amma don Allah kada ku taɓa..."

"Na sani." Ya kashe.

"Kada mu taɓa me?" in ji Manaja.

"Abin da ba a taɓawa. Ke dai ba ni wuri."

Don a sama masa sarari, Mai labarai ta sa tallar wani shagon katifa ta danna mata maimaitawa, da niyyar canzawa in ya gama. Na-sani ya zauna ya naɗe hannun riga. Kyamara ce ta biyu a jerin. Ya tsallake ta, domin ita kaɗai ce sabuwa a ɗakin, kuma a saninsa sabon abu ba ya lalacewa. Ya tsayar da firinta: casa'in da takwas. Ya tsayar da kibod: casa'in da takwas. Ya kai kibiya kan maus ya danna. Kwamfuta ta tambaye shi ko ya tabbata. Na-sani bai taɓa rashin tabbata ba a rayuwarsa.

Kibiya ta tsaya cak a tsakiyar allo.

Ya ja maus hagu, ya ja dama. Ya ɗaga shi ya hura masa iska. Ya buga kibod da yatsu goma. Ba abin da ya motsa, sai wata mata a lasifika tana cewa, "Ka kwa-kwa-kwanta ka huta, katifarmu ba ta lo-lo-lotsawa."

"Yaya, dawo da shi."

"Da me zan dawo da shi? Shi ne ake dawo da abubuwa da shi."

"To a kashe ta a kunna."

"Minti ashirin take yi kafin ta tashi," in ji Mai labarai. "Kuma yadda take yau, ban ce za ta tashi ba."

Suna wannan gardama talla ta zagayo sau goma sha ɗaya. Mai shagon katifar ya iso da gumi, yana murna, yana neman wanda zai yi wa godiya. Bai gama hawa matakala ba mai shagon katifa na ɗaya layin ya biyo shi, yana tambaya ko shi katifarsa duwatsu ake cusa mata. Suka cika baranda da hayaniya, Manaja ta fita rabon faɗa.

Mai labarai ta yi abin da ya rage. Ta sauke sautin kwamfuta a kan miksa, wato na'urar haɗa sauti, ta ɗaga na makirfonta, wanda ba ya bi ta kwamfuta, ta fara magana kai tsaye. Ta maimaita labarai, wannan karon shugaban malamai daban, ɗan akuya daban. Ta karanta hasashen yanayi. Ta gai da direbobi, ta gai da masu jinya, ta gai da masu katifa duka biyun. Ta karanta kalandar bango har zuwa ƙarshen shekara. Bayan minti hamsin muryarta ta dushe kamar ta tsohon zakara. Ta yi wa Na-sani alama da hannu cewa za ta sha ruwa, ta nuna masa makirfo, ta ɗora yatsa a leɓe.

"Na sani," ya raɗa mata. A fahimtarsa, ta ce ta kashe.

Ƙofa na rufuwa ya ga ba kowa, sai shi da kwamfuta. Ya sauka daga kujera ya durƙusa a gabanta, fuskarsa dab da allo.

"Haba baiwar Allah," ya ce. "Me na yi miki? Tsakanina da ke, ba kowa a nan. Ni ban san komai a kanki ba. Ko ta ina ake kashe ki ban sani ba, waya nake cirewa. Takardar nan da nake nunawa ta koyon kashe gobara ce, ta kwana biyu, kuma rana ɗaya na je. Dattijon nan ma na san ba shi ba ne tun yana matakala, kunyar juyawa na ji. Ki rufa mini asiri ki motsa kibiyar nan ko da taku ɗaya. In Auta ta kore ni, wallahi Mama ba za ta bar ni in zauna lafiya ba, kin dai san Mama."

Wayar situdiyo, wadda masu sauraro ke kira, ta haska. Ya danna maɓallin da ya ga Mai labarai na dannawa, ya gyara murya.

"Sashen injiniyoyi, wa ke magana?"

"Uwarka ce."

"Mama! Ina tsakiyar aiki, zan kira ki."

"Ai ina jin aikin. Ni da maƙwabta muna zaune muna ji. Ta ina kwamfuta ta san ni, da kake ce mata ta san Mama?"

Na-sani ya dubi makirfo. Jar fitilarsa na kunne.

"Kuma tashi daga durƙuson nan," in ji Mama. "'Yar maƙwabta ta nuna mini kai a waya. Hancinka ya cika hoton. Rigar da na ce ka daina sawa ce kuma a jikinka."

A hankali ya ɗaga kai ya haɗa ido da ɗan ƙwan da ke saman allo, koriyar fitilarsa na ci tun safe. Ya miƙe ya je taga. Tsallaken titi, wajen mai shayi, ba masaka tsinke: masu tayoyi, masu babura, mai lemo, masu katifa biyu da suka shirya, kowa da waya a hannu. A tsakiyarsu Direba na zaune a kan benci mafi kyau, an cika masa kofi, yana yi wa jama'a bayanin abin da ya faru tun daga farko. Da suka hango Na-sani a taga, sai suka ɗaga wayoyinsu gaba ɗaya. A kowace waya ga ƙeyarsa tana leƙen taga, tana motsi tsalle-tsalle.

Direba ya ɗaga kofi ya ƙwala masa kira: "Injiniya! In ƙara matsawa ne?"

Ana cikin wannan dariya tasi ta tsaya, Malama ta fito da goyo a baya. A rediyon gida ta ji komai. Bayanta kaɗan motar Maigida ta tsaya. Suka hawo tare, Manaja na biye da su kamar wadda za a yanke wa hukunci.

Malama ba ta gai da kowa ba. Ta sauke makirfo a miksa bayan ta sa Mai labarai ta saki waƙa daga wayarta. Ta dubi ƙanƙara, ta dubi bokiti, ta dubi murfin kwamfuta a ƙasa, ta dubi ƙwan. Ta zagaya baya ta zare wayar kyamarar. Gurnani ya yi ƙasa kamar an rufe famfo. Lambar ta gangaro: sittin, ashirin, huɗu. Ta ciro wani maus daga jakar kayan jariri, ta jona, ta dawo da kibod da firinta da tsohon maus, ta goge direban kyamarar, ta mayar da murfi. Jaririn bai ko farka ba.

"Dama abin da zan yi ke nan na gaba," in ji Na-sani.

Maigida ya duba agogonsa.

"Shirun yau daƙiƙa arba'in da ɗaya ne," ya ce da Manaja. "Na ce minti ɗaya. Ba na canza magana, kina nan a kujerarki." Ya juya ga Na-sani. "Kai kuma, tunda ashe gobara ka karanta, akwai tukunyar kashe wuta a ɗakin janareta. Ka zauna kusa da ita. In na sake jin ƙafarka a matakalar nan, ko da gobarar ce ta tashi a sama, ka aiko da takarda tukuna." Ya ɗauki makullin mota daga tebur ya miƙa masa. "Ka kai wa mai shi. Da hannu biyu."

Na-sani ya tsallaka titi, jama'a suka buɗe masa hanya. Ya rusuna ya miƙa makulli.

"Baba, a yi haƙuri. Kuskuren fassara ne."

Direba ya karɓa, ya juya makullin a hannu, ya kurɓi shayi. "Ba komai, ɗana. Amma gobe in motar ta ƙi tashi, kada ka ji an ce a kore ka ka yi mamaki. Gwaji ne."

Da yamma ƙanwarsa ta ce Mama na neman su, suka tafi tare. Da suka shiga falo Na-sani ya ga ɗakin ya canza. An lulluɓe talabijin da zane an ɗaure da igiya. Rediyon da ke kan kabad ba ya nan. Firji an juya fuskarsa bango. Mama na zaune a kujera, kuma daga yadda ta zauna ka san rimot na ƙarƙashinta.

"Sannu da aiki," ta ce. "Zauna can kan tabarma. Ita ba ta da waya."

Ya zauna. Aka kawo abinci ya ci kansa a ƙasa, Mama da Auta na hirarsu kamar ba ya wurin. Sai da ya wanke hannu ya jingina da bango, ƙarfinsa ya ɗan dawo, idonsa ya fara yawo a ɗakin yana neman abin da aka manta ba a ɓoye ba. Ya tsaya a kan agogon bango. Ya duba na hannunsa, ya sake duba na bangon. Hannunsa ya fara lallaɓawa wajen baƙar jaka.

"Mama, agogon nan naki yana baya da minti uku."

Mama ta sa ƙafa ta take jakar.

"Bar shi," ta ce. "Haka muke son sa."